Barista Labaran Ya Zaunar da Dattawa

Da Labaran ya tsaya a kan takarda, da ba wanda ya cutu, iyakaci mu ci gaba da yi masa dariya a wurin mai shayi kamar yadda muka saba. Sai ƙaddara ta haɗa shi da Baba Yunus, dattijon da babu burin da ya rage masa a duniya sai ya sa hannu a faranti ɗaya da ƙanensa Abdulwasi'u, wanda ya yi shekaru ba ya yi masa magana. Wannan burin aka ɗauka ɗungurungum aka damƙa wa mutumin da ko injin kwafi ba ya iya tayarwa sai ya haɗa masa da mari.

Labaran mutumin Funtuwa ne. Ya zo Makka da ikama, wato takardar izinin zama, yana tsaron wani ɗan shagon kwafin takardu na Baba Yunus a nan unguwar Mansur, tsakanin wanzami da tela. Baba Yunus kuwa haifaffen nan ne, kakansa ne ya zo hajji a ƙafa bai koma ba, gidansu yana unguwar Zahir. Aikin Labaran bai wuce ya ɗora takarda, ya danna, ya miƙa ba. Amma in ka ji shi da yamma a kan benci, sai ka rantse shi yake rubuta abin da ke cikin takardun. Ranar da ya kwafi takardar asibiti, likita ya wuni. Ranar da aka kawo masa zanen gini, sai da ya zagaya inda ake aiki a bayanmu ya shaida wa magina cewa bangonsu ya karkace, suka bi shi da cebur.

Masifar ta shigo ne ta hannun Nawaf, autan Baba Yunus, wanda ya gama jami'a yana shirin jarrabawar shiga makarantar koyon aikin lauya a Amurka. A cikin jarrabawar akwai wani sashe na wasa ƙwaƙwalwa: a ba ka mutane ko kaya, a gindaya sharuɗɗa, wane ba ya zama da wane, wane sai ya riga wane, a ce ka jera su kafin lokaci ya cika. Nawaf ya kawo littafin gwaji a kwafa masa, ya tafi ya bar shafi guda a cikin inji.

Labaran yana da ɗan Turancinsa na sakandare, sai ya zauna ya karanta. Alƙalai shida ne za a raba wa ɗakuna uku, biyu-biyu, kuma babban sharaɗin shi ne na ɗaya da na biyu ba sa haɗuwa a ɗaki guda. Ya wuni yana zane yana gogewa, masu zuwa kwafi suna tsaye suna tsaki, da la'asar ya fitar da amsa, ba daidai ba. Da ya juya bayan shafin sai ga amsar a buge: na ɗaya da na uku ɗakin farko, na biyar da na shida ɗakin tsakiya, na biyu da na huɗu ɗakin ƙarshe. Ya ce ai dama abin da yake nufi ke nan.

Washegari ya sake yi, ya ci. Rana ta uku ya sake yi, ya ci kafin shayinsa ya huce. Daga nan fa sai abin ya zame masa wuridi. Ya kwafi shafin tuli guda da tawadar mai shago, yana gama ɗaya ya jawo wani, yana auna kansa da agogon waya. Kafin mako ya zagayo yana iya yi ido rufe, yana iya yi yana amsa waya, yana iya yi da hannun hagu. Ya fito bakin titi ya shelanta mana cewa ya gano sirrin Turawa, wai duk ilimin lauya maimaici ne kawai, shi kuwa ya maimaita har ya wuce masu littafin. Ya je kasuwar gwanjo ya sayo baƙar kwat mai kauri, ya ɗora a kan jallabiya, a wannan zafin na Makka da ko ƙadangare ba ya fitowa. Ya ce daga yau a kira shi Barista.

Hajiya Rahmatu, mai soya masa a bakin lungu, ita ta fara tare shi. Ta dubi gumin da ke bin wuyansa ta ce, “Barista, wai wasan nan kala nawa ka ƙware a kai?”

“Hajiya, ba yawa ake nema ba, zurfi ake nema.”

“Wato ɗaya.”

“Ɗaya da aka yi wa shiga ta ilimi.”

“Ni ma in na soya masa ɗaya na yi ta mayar da ita tanda tun safe, zurfin da za ta yi ke nan, ta zama gawayi. Nawa za a zuba maka?”

Ya ce wannan magana ce ta wanda bai shiga aji ba, ya karɓi masarsa ya wuce.

Da Nawaf ya dawo neman shafinsa, sai ya tarar da shi a kwafe har kan fanka. Yaro ne mai kunya, Hausarsa rabi Larabci, bai so ya ci fuskar Labaran a gaban jama'a ba. Ya ce masa, “Wallahi ya Labaran, maimaici yana aiki, sahih. Ni da fari ko rabi ba na ci, dahin, yanzu ke nan, saura kaɗan in cinye duka. Bas lazim ka yi sabo, ka ga inda ka yi kuskure, ka koma kansa, sannan ka ɗauko wani sabo.” Ya buɗe jaka ya miƙa masa wani shafin, na jirage bakwai da za su sauka ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya gwada.

Labaran bai ko kai ƙarshen layin farko ba ya ɗaga kai. “Na ɗaya da na uku ɗakin farko, na biyar da na shida tsakiya.”

“Ya shaikh, babu ɗaki a nan, jirage ne. Na bakwai fa?”

“Na bakwai kuskuren bugu ne. Mu da muke harkar takarda mun saba gani.”

Nawaf ya naɗe shafinsa ya fita yana girgiza kai. Labaran ya bi shi da kallon tausayi, ya ce mana yaron yana da ƙoƙari, matsalarsa dai ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Takarda ta yi masa kaɗan, sai ya koma kan jama'a. Ya shiga shagon wanzami ya tarar da mutum shida suna jira, ya sake musu layi a kan amsarsa, wanda ya zo tun hantsi ya koma ƙarshe, aka kaure da cacar baki har wanzami ya yanki kunnen wani. Ran nan kuma da azahar ya makara sallah da gangan, ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa ya jera wa mutane takalma biyu-biyu yadda ya ga ya dace. Muka fito kowa yana ɗaga ƙafa a kan siminti mai zafi yana neman ɗaya ƙafar takalminsa, shi kuwa yana tsaye a inuwa da kwat, yana jiran godiya. Wani Basakkwace mai aikin gini ya ce in ya sake taɓa masa takalmi, da shi zai yi masa aski.

A daidai wannan lokacin ne maganar gidan Baba Yunus ta taso. Abin da ya raba shi da ƙanensa, rasuwar mahaifiyarsu ce. Ta cika da safe, Abdulwasi'u yana can Ɗa'if inda yake zaune, ya kamo hanya. A Makka kuwa ba a ajiye gawa, ana kai ta Harami a sallace ta bayan sallar da ta fi kusa. Bandar, mijin 'yar Baba Yunus, shi ya tsaya kan shirye-shirye, shi ne kuma ya ce ba za a jira kowa ba. Baba Yunus yana cikin ruɗu bai hana ba. Abdulwasi'u ya iso ya tarar an rufe ta. Tun ranar bai sake taka Zahir ba, ya kuma rantse ba shi zai fara zuwa wurin yayansa ba. Baba Yunus, da girman kai irin na manya, shi ma ya rantse haka, ya koma yana ramewa a ɓoye.

Babbar yayarsu, Hajiya Maryama, ita ta yi ta hawa da sauka tsakanin Zahir da Ɗa'if har ta samo dabara. Matar Bandar ta haihu, za a yi walimar suna da rana a gidan Baba Yunus. Majalisin gidan, wato falon baƙi maza, ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta cikin gida, ɗaya ta titi. Kowanne zai shigo ta tasa ƙofar, waɗansu bare da ba 'yan gida ba su yi musu jagora, su tsinci kansu a faranti guda kamar cunkoso ne ya haɗa su. Ta haka ba wanda ya karya rantsuwa, ba wanda ya durƙusa wa wani, in hannu ya haɗu a shinkafa shi ke nan. Abdulwasi'u ya yarda da sharaɗi ɗaya tak: kada ya ɗaga ido ya ga Bandar kusa da shi.

Nawaf ne ya kamata ya tsara abin, sai ranar ta faɗa daidai da jarrabawarsa a Jidda. Baba Yunus ya zo shago yana wannan zancen a waya da 'yar'uwarsa, Labaran ya kasa kunne ta bayan inji. Dattijo yana ajiye waya ya gyara kwat ya matso, ya ce in maganar zaunar da mutane ce, Allah ya riga ya kawo masa gwani har cikin shagonsa.

Baba Yunus ya ja shi gefe ya yi masa bayani a hankali. Labaran ya katse shi. “Baba, dattawan nawa ne?”

“Shida ne manyan, sauran jama'a za su cike bayansu.”

“Faranti nawa a majalisin?”

“Uku.”

Daga nan Labaran bai sake jin komai ba. Dattijo yana ta faɗa, shi da ƙanensa faranti ɗaya, Bandar can nesa, sirri ne kada kowa ya ji, Labaran yana ta gyaɗa kai yana murmushi, ransa fes, don ga wasansa ya fito daga takarda ya sa jallabiya. Ya ce, “Baba, ka kwantar da hankalinka. Wannan na yi shi sau ba adadi.” Baba Yunus ya ɗauka yana nufin ya saba hidimar biki.

Labaran ya koma ya jera dattawan a kan girma, kamar yadda duk mai tarbiyya zai yi. Mai gida na ɗaya, ƙanensa na biyu, Limamin unguwarmu na uku, uban jariri na huɗu, wasu tsofaffin maƙwabta biyu na biyar da na shida. Sannan ya zuba su cikin amsar da ya haddace. Baba Yunus da Liman a farantin farko, can ƙurya. Tsofaffi biyu a tsakiya. Abdulwasi'u da Bandar a farantin ƙarshe, bakin ƙofar titi, kusa da takalma. Da an sa Shaiɗan ya tsara, da sai ya ɗan ji kunya ya sassauta.

Nawaf ya kira shi a waya ya ce ya turo masa tsarin ya gani. Labaran ya ce lauya ba ya nuna wa ɗalibi hujjarsa kafin ranar shari'a. Yaron ya je ya sami ubansa ya ce, “Abuya, wallahi ina tsoro.” Uban ya ce abin da ɗan shekara bakwai zai iya, ina abin tsoro a ciki, ya je ya ji da karatunsa.

Saura masu jagora. Labaran ya ɗauki mai shayi, da wanzami, da tela, kowanne ya ba shi faranti guda, ya yi musu alkawarin mandi, shinkafa da gasasshen rago, har su ture. Bai gaya musu dalilin taron ba, wannan kaɗai ce amanar da ya riƙe. Ya ce sai an yi atisaye, don ba a shiga jarrabawa da ka. Da yake ba dattijon da zai yarda a yi ta jan sa a lungu, sai ya aro tukwanen gas shida da ba komai a ciki, ya ɗaura wa kowace ƙyalle daga shagon tela, ya raɗa musu sunaye. Ya zana da'ira uku da alli a ƙasa. In ya tafa hannu, sai su ruga su cicciɓi tukwane su dire kowace a wurinta.

Ranar farko abin dariya ne. Tela ya saki Baba Yunus a kan yatsan wanzami, mai shayi ya kai Bandar ƙurya, Labaran yana ihu yana nuna agogo. Lungun namu kuwa gangare ne, kamar rabin lungunan Makka. Ana cikin haka tukunya guda ta kwanta ta kama hanya, tela ya bi ta yana kururuwa a tare Liman, Liman ya gangara. Limamin gaske yana fitowa daga kwana, ya tsaya cak yana duba jikinsa. Tukunya ta wuce shi ta je ta daki tandar Hajiya Rahmatu, ƙullu ya yi sama, masa ta watse a titi.

Ta taso da ludayi a hannu. “Barista, wannan kuma wane babi ne a littafin?”

“Hajiya, karon farko dole a yi kuskure, haka ilimin yake.”

“To karo na biyu a kanka zai ƙare, ni ma ina son in ƙware.”

Maimakon abin ya zame masa darasi, sai ya zame masa sabuwar doka. Ya tara mutanensa ya ce duk abin da ya motsa daga wurinsa, a mayar da shi nan take. Ya riƙa shurin tukwane da gangan, yana tafi, suna tarowa suna direwa. Ya gargaɗe su cewa tukunya ba ta magana amma mutum zai yi, zai ce ku bar ni, zai ce ba nan ba, kada su saurara, surutu ba ya cikin sharaɗi. Tafi ɗaya, kowa a wurinsa.

Sai a faɗi gaskiya, maimaici ya yi aiki. Kullum bayan la'asar muna zaune muna kallo, abin da ya fara da karo da faɗuwa ya koma kamar na sojoji. Mai shayi, wanda tafiyarsa ma da ƙyar, ya koyi cafke tukunya da hannu ɗaya ya juya ta a iska. Wanzami da tela suka shiga gasa, kowa yana son a ce shi ya fi sauri. Har ta kai in mota ta yi ƙarar salansa, sai ka ga tela ya zabura daga kan keke yana neman abin da zai mayar. Mu 'yan kallo muna ta yi musu kirari don mu ƙara zuga su, ba wanda ya tambayi ko wurin da ake direwar daidai ne.

Ranar Asabar bayan azahar muka hau Zahir, kusan rabin Mansur, don an gayyace mu cike baya. Nawaf yana Jidda, ya kuma ci jarrabawarsa daga baya, amma wannan bai amfani kowa ba a ranar. An shimfiɗa leda a majalisi, ga faranti uku manya, shinkafa ta yi tudu, rago kwance a kan kowanne yana tururi. Mata suna sama, Hajiya Maryama tana leƙe ta tagar bene, Hajiya Rahmatu tana cikin masu hidima. Labaran ya tsaya a tsakiya da kwat, waya a hannu, ya sha turare har yana sa tari.

Baba Yunus ya shigo ta ƙofar cikin gida da sabuwar jallabiya da farar gutra a ka. A daidai lokacin mota ta tsaya a waje. Abdulwasi'u ya fito, dogo, furfura ta cinye gemunsa, ya rungumo wata kwalbar turaren wardi na Ɗa'if a naɗe da kyakkyawan ƙyalle. Duk wanda ya ga kwalbar ya san mutumin da niyyar alheri ya zo. Ya cire takalmi, ya sa ƙafa ɗaya a ciki. 'Yan'uwan suka hangi juna daga ƙofa zuwa ƙofa, kowa ya yi saurin kawar da kai.

Labaran ya tafa.

Ban taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba. Kafin dattawa su gama sallama, mai shayi ya kama Baba Yunus ta kafaɗa ya juya shi ya dire a ƙurya, ya ɗauko Liman ya haɗa masa. Wanzami ya kwashi tsofaffi biyu, ɗaya a kowane hannu, ya zube su a tsakiya, sandar ɗayan tana sama. Tela ya danna Abdulwasi'u ƙasa tun daga bakin ƙofa, ya miƙa hannu ya fizgo Bandar daga cikin masu zuba gahawa, ya manna shi a gefensa har gwiwa tana gugar gwiwa. Labaran ya dubi waya, ya lumshe ido don daɗi.

Abdulwasi'u ya dubi tulin takalman da ke bayansa. Ya dubi Bandar, wanda jini ya ƙafe masa a fuska. Sannan ya ɗaga kai ya hango yayansa can ƙurya, a kan matashi, Liman a dama. A hankali ya buɗe baki, kuma wannan ce magana ta farko da ya yi masa tun ranar jana'iza.

“Yaya, ashe don wannan ka kira ni. Na gode.”

Ya yunƙura zai tashi. Tela ya dafa kafaɗunsa ya mayar da shi ƙasa, ya ce, “Alhaji, nan ne wurinka.” Bandar ya zabura zai gudu ya ba shi wuri, tela ya cafko shi ta ƙugu ya sake manna shi inda yake. Can ƙurya Baba Yunus, wanda ya yi shekaru yana riƙe da rantsuwa kamar garwashi, ya yar da ita a take, ya miƙe a gaban kowa zai je wurin ƙanensa. Taku biyu ya yi, mai shayi ya juya shi da hannu ɗaya ya dire a kan matashi. Ya sake tashi yana cewa, “Ku sake ni, ƙanena ne.” Wanzami ya bar tsofaffinsa ya zo taimako, suka danne mai gida a cikin gidansa, suna ba shi haƙuri da ladabi.

Sai a lokacin Labaran ya lura kamar akwai abin da bai yi daidai ba. Ya ɗaga murya ya ce a tsaya, hayaniya ta hana a ji. Sai ya yi abin da ya saba yi in yana neman hankalin mutanensa, ya hau tafi. Kowane tafi kuwa umarni ne. Yana tafawa suna ƙara matsewa, yana ƙara tafawa suna ƙara dannewa. Liman ya yunƙura zai raba, aka mayar da shi da ƙarfi har hannunsa ya nutse cikin shinkafa zuwa gwiwar hannu. Tsohon da ke tsakiya ya miƙa hannu zai ɗauki sandarsa, wanzami ya dawo a guje ya zaunar da shi a kan kan rago. Daga bene muryar Hajiya Maryama take saukowa tana kiran sunan Allah tana tambayar wa ya kawo mahaukata gidan ubanta.

Abdulwasi'u ba ƙaramin mutum ba ne. A yunƙuri na uku ya ture tela cikin takalma, ya miƙe, ya gyara gutrarsa, kwalba na nan a hammatarsa. Bai sake duban ƙurya ba, don haka bai ga cewa yayansa yana kokawa da ƙarti biyu don ya iso gare shi ba. Abin da ya gani ya ishe shi. Ya zura takalmin da ƙafarsa ta samu ya fita.

Mu da muke baya sai a lokacin hankalinmu ya dawo, muka tashi muka ɓamɓare mai shayi da wanzami daga jikin dattijo. Hajiya Rahmatu ta sauko har ƙofar maza, abin da ba a yi, ta nuna Labaran da cokalin miya ta ce a riƙe masa hannuwa kafin ya kashe wani. Aka riƙe. Baba Yunus ya ratsa ta kan leda, ya taka gefen faranti, ya fita ba takalmi. Jama'a suka bi shi duuu, maƙwabta suka buɗe tagogi.

Motar ta riga ta kai ƙarshen layi. Ya ɗaga hannu ya kira sunan ƙanensa, irin kiran da yake yi masa suna yara, muryarsa ta karye a tsakiya. Mota ta sha kwana ta ɓace. Ya tsaya a kan kwalta, a wannan rana da ke narkar da roba, bai ko ɗaga ƙafa ba.

Labaran ya ƙwace ya biyo shi, kwat ta yage a kafaɗa, shinkafa a gemu, waya a hannu. Ya matso kusa ya rage murya kamar mai ba da shawara. “Baba, ta fuskar sauri, wallahi ba mu taɓa yin irin na yau ba. Matsalar dattawan ne ba su yi atisaye ba. A kira shi ya dawo mu sake, karo na biyu kullum ya fi kyau.”

Mun ɗauka mari zai tashi, wasu har sun matsa don a samu fili. Baba Yunus ya juyo ya dube shi kawai, ido jawur, ya ce, “Labaran, sau nawa kake tsammani mutum yana saukowa daga Ɗa'if da turare a hannu don ya yafe wa yayansa?”

Labaran ya ɗaga kai sama, ya murtuke fuska, ya fara lanƙwasa yatsu yana neman amsa. Yana kan yatsa na uku Baba Yunus ya zauna a kan dakalin ƙofa ya rufe fuska da gefen gutrarsa, mu kuma da muka hawo Zahir don cin rago da dariya muka rasa inda za mu sa idanunmu.